An Ci Moriyar Ganga: Tarihin Korar Taurarinmu Daga 2007 Zuwa Yau



Duk Bahaushen Jalingo da ya haura shekara 30 ya san shekarar 2007, ko da bai riƙe ta da lamba ba. Ita ce shekarar da kalmar Hiyana ta tashi daga sunan fim ta koma sunan abin kunya. Na daɗe ina son in rubuta tarihin abin da ya biyo baya, domin na lura yaranmu na yanzu, waɗanda suka buɗe ido suka ga TikTok, sun ɗauka korar mawaƙi ko 'yar fim wani sabon abu ne da ya zo da manyan wayoyi. To ba haka ba ne, abin yana da tarihi. Idan mutum ya jera korarrun nan ɗaya bayan ɗaya, ya duba abin da kowa ya yi da hukuncin da ya samu, zai ga ba da mudun laifi ake awon ba. Masu sana'ar, da gidajen rediyo da talabijin da ke ci da su, suna duba wanda za su iya rabuwa da shi ba tare da asara mai yawa ba, sai su miƙa shi, don a ƙyale sauran su ci gaba da neman abinci.

Bari in ɗan ja da baya tukuna.

A da can mawaƙin Hausa ba ya irin wannan faɗuwar, domin tun asali ba a ɗora shi kan kujerar da za a ture shi ba. Makaɗi da maroƙi suna da gurbinsu a gari. Ana jin daɗinsu, ana yi masu kyauta, ana tsoron bakinsu, amma ba kowane gida ke ba su aure ba, kuma babu uban da zai nuna wa ɗansa makaɗi ya ce ga abin koyi. Shi ya sa marigayi Mamman Shata ya yi wa mashaya waƙa ƙiri-ƙiri, amma Rediyon Kaduna bai daina sa muryarsa ba, sarakuna da attajirai ba su daina kiransa biki ba, har ya koma ga Mahaliccinsa a 1999. Barmani Choge ta yi ta faɗin abin da mata ke rufewa, a bakin ƙwarya, a gaban jama'a, har ta rasu a 2013 babu wata ƙungiya da ta zauna ta ce ta kore ta. Gambu kuwa ɓarayi ya yi wa waƙa shekara da shekaru, kaset ɗinsa na kan tebur a tashoshin mota. Hukuncin mawaƙin wancan zamani a hannun ubangidansa yake. In ya saɓa wa sarkin da yake wa waƙa, a hana shi riga da doki, ya tattara makaɗansa ya nemi wata fadar.

Fim ne ya canza lissafin. Daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 zuwa Sangaya a 1999, waƙar Hausa ta samu sabon gida, wato situdiyo mai fiyano, inda yaro ɗaya da na'ura ɗaya ke maye gurbin makaɗa goma. Ku tuna kuma yadda tsarin yake, irin na finafinan Indiya. Su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Mudassir Ƙasim, daga baya su Fati Nijar, su ne ke rerawa a ɓoye, jarumi da jaruma su hau kan waƙar su motsa baki su taka rawa. Murya ta wani, fuska ta wani, kuma fuskar ce ke tafiya da farin jinin. Don haka in ana maganar tauraron waƙa a ƙasar Hausa a waɗannan shekaru, ɗan fim ake nufi. Su kuma ba 'ya'yan gidan roƙo ba ne balle a ce gadonsu ne. 'Ya'yan unguwa ne, suna kama da ƙannenmu da 'ya'yanmu. Mujallar Tauraruwa da ta fito a Kano a 1998, da mujallar Fim ta Ibrahim Sheme da ta biyo baya a 1999, suka riƙa buga hotunansu da hirarrakinsu da labarin aurensu, masu kalanda suka ɗauka, har fuskokinsu suka shiga ɗakunan amare.

Wani abu kuma da ya kamata a riƙe shi ne, kusan dukkan sana'ar a gari ɗaya take, ƙarƙashin gwamna ɗaya. Furodusa a Kano, situdiyo a Kano, manyan dilolin kaset a Ƙofar Wambai da Bata. Da aka ƙaddamar da Shari'a a 2000, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim ɗungurungum a watan Disamba na shekarar. Sai da 'yan fim suka yi ta kai gwauro suna kai mari, suka yarda a riƙa tace aikinsu, sannan aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001 aka sake buɗe masu ƙofa. Tun daga ranar suka gane cewa zaman aro suke yi a garinsu, kuma duk ranar da mai gida ya fusata dole a samo abin da za a ba shi ya huce.

Wannan zama ba baƙo ba ne a wurinmu. Wanda kakansa ya zo ƙasar Muri da fatauci ko almajiranci, aka haifi ubansa a nan, aka haife shi a Sintali, amma har yau in an zo cike takardar shaidar ɗan jiha sai a tambaye shi asalin garinsu, ya san yadda laifin mutum ɗaya ke zama laifin unguwa. Finafinan nan kuma sun zame mana abin da ba su zame wa mutumin Kano ba. Shi yana cikin ruwa, bai san ƙishirwa ba. Mu kuwa kaset ɗin da ya biyo mota ta Gombe da Numan ya sauka kasuwar Jalingo, shi ne Kanonmu, shi ne Katsinarmu. A ciki matanmu ke ganin ɗinkin da ake yayi, a ciki yaranmu ke jin Hausar da ba ta gauraya ba. Sannan ba mu kaɗai ke kallo ba. Tun da aka ƙirƙiro jihar Taraba a 1991 Jalingo ta cika ta batse, Hausa kuma ita ce harshen kasuwa da tasha. Maƙwabtanmu Mumuye da Fulani da Kona da Jukun duk suna sayen kaset ɗin, wasunsu sun fi mu haddace waƙoƙin, da yawansu kuma ba su taɓa taka Kano ba. Abin da suka gani a fim shi ne Bahaushe a wurinsu. To ka ga in an yi abin kunya a can, mu ne za mu amsa tambaya a nan.

A watan Agusta na 2007 wani ɗan gajeren bidiyo, na kimanin minti 8, ya fara yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth. Wata matashiyar jaruma ce, Maryam, wadda fim ɗin Hiyana ya fito da ita har sunan ya bi ta, tare da wani saurayinta ɗan canji a Legas. Shi ya ɗauka da wayarsa, a ɗaki, da daɗewa kafin ya fita. Ba fim ba ne, ba a yi don sayarwa ba, babu hannun furodusa ko darakta a ciki. Abin da ta aikata laifi ne a addininmu da al'adarmu, ban zo wanke shi ba. Amma tona asiri da yaɗa shi ma laifi ne a addinin nan dai, kuma dubban mutane ne suka aikata wannan na biyun, har da waɗanda suka kalla da daddare suka wayi gari suna tsine mata. Na san majalisar da aka yi ta miƙa waya hannu zuwa hannu a nan unguwar, kowa na salati, kowa na cewa a tura masa.

Yanzu ku dubi yadda kowa ya yi. Ƙungiyar 'yan fim ba ta jira gwamnati ba. Cikin 'yan kwanaki ta kore ta, sannan ta fitar da sunayen mutum 17, maza da mata, ta ce ta hukunta su saboda shaye-shaye da rashin ɗa'a. Ba su ne a bidiyon ba. Tambayar da na yi a lokacin, wadda har yau nake yi, ita ce: in da gaske halinsu ke nan, yaushe shugabannin suka sani? A makon ne suka yi mafarki? Ai tare ake zuwa lokeshan, tare ake sauka a masauki ɗaya, tare ake raba kuɗi. An yi shiru muddin fuskokinsu na sayar da kaset. Da wuta ta taso sai aka jefa su gaba, ko za ta tsaya a kansu.

Ba ta tsaya ba. Gwamna Ibrahim Shekarau ya ɗauko Malam Abubakar Rabo Abdulkarim daga hukumar Hisba ya ba shi shugabancin Hukumar Tace Finafinai. Aka dakatar da ɗaukar fim a faɗin jihar na wata 6, har cikin Fabrairun 2008. Aka hana fitar da duk fim ɗin da Maryam ta fito a ciki na shekara 5, wato furodusan da ya zuba jarinsa a fim tun kafin abin ya faru, shi ma ya sha hukunci. Aka fito da sababbin ƙa'idoji: kowane kamfani ya nuna jarin naira miliyan 2.5 da ofis, 'yan wasa da sauran ma'aikata kowa ya yi rajistar kansa, sannan a daina rawa da waƙa irin wadda aka saba, alhali kowa ya san waƙar ce ke sayar da fim ɗin. Masu tace hoto, masu fiyano, masu kwalliya, masu dafa wa 'yan lokeshan abinci, yaran da ke tura kaset a baro, duk suka zauna. Masu hali suka kwashe kayansu suka koma Kaduna da Jos.

Kafafen watsa labarai kuwa kowa ya ci kasuwarsa. Jaridu suka sayar, shirye-shiryen kiran waya a rediyo suka cika da masu neman a rufe sana'ar baki ɗaya, masu wa'azi suka samu maudu'in wata da watanni. Ita kuwa ta ɓuya don tsoron ranta. Sai ga wani abu da babu wanda ya shirya shi: hotonta ya bayyana a sitika a bayan motocin haya da babura a garuruwan Arewa, har nan Jalingo mun gan shi a baburan 'yan acaɓa. Direba ba ya rubuta sharhi a jarida, sitika ce jaridarsa. Wasu sun ce shaƙiyanci ne kawai na 'yan tasha. Ni dai a nawa ganin, talaka ya gane an jibga wa yarinya ɗaya kayan da ya kamata a raba wa mutane da yawa, kuma ya san irin wannan rabon, domin shi aka saba yi wa.

Daga nan sai kotun tafi-da-gidanka ta hukumar ta shiga aiki. A watan Satumba na 2007 aka ɗaure Adam A. Zango wata 3 da tarar naira 100,000, saboda faifan bidiyon waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya, wanda aka ce ya fitar ba tare da tacewa ba, kuma akwai rawar da ba ta dace ba a ciki. A 2008 aka ɗaure Rabilu Musa Ibro wata 2. A ƙarshen Disambar shekarar aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a kan fim ɗinsa Tsintsiya, fim ɗin da ke kiran zaman lafiya tsakanin ƙabilu da addinai, abin da mu mazauna gari irin wannan muka fi kowa sanin amfaninsa. Iyan-Tama fa shi ne wanda ake buga misali da tsaftar finafinansa. Ya yi kusan wata 3 a gidan yari kafin a ba da belinsa, babbar kotu kuma ta rushe hukuncin. Shi ne dai kuma ya tsaya takarar gwamna a 2007. A nan ne mai hankali ya fara gane cewa maganar ta wuce bidiyon minti 8.

Mawaƙa suka mayar da martani da abin da suka iya. Zango ya fito daga kurkuku ya koma Kaduna ya saki Oyoyo. Nazir Hausawa, wanda ake kira Ziriums, ya yi Girgiza Kai. Aminu Ala da abokansa suka yi Hasbunallahu, wadda addu'a ce, sai dai kowa ya san wanda ake kai ƙara wurin Allah. A watan Yuni na 2009 alƙalin kotun ya haramta waƙoƙi 11 a lokaci guda, har da waɗannan ukun: kada a sayar, kada a yaɗa, kada a saurara. A watan Yuli aka kama Ala. Wane gidan rediyo ne a Kano zai yi kasadar sa su, wane dila ne zai jera su a kan kanta? Amma Bluetooth ɗin nan da ya kashe wa Maryam sana'a, shi ne ya raya waƙoƙin. Jerin sunayen da kotu ta fitar ya zama kamar talla, yaro ya je rumfar cajin waya ya ce a zuba masa "haramtattun nan" a memori. Mu nan Taraba dokar Kano ba ta iso mu, iyakarta iyakar jiha. A fili ake sa su a shagon aski da teburin mai shayi, wanda bai taɓa jin sunan Ala ba ya ji shi a wannan shekarar.

A 2011 mulkin Shekarau ya ƙare, Kwankwaso ya dawo, Rabo ya bar kujerar. Rawa da waƙa suka dawo fim kamar ba a taɓa hanawa ba. To sai a yi ƙidaya a ga wa ya dawo. Zango ya dawo ya fi da girma. Ibro ya ci gaba da ba mu dariya har ya rasu a Disambar 2014. Ala ya samu sarautu. Kurkuku ma kwarjini ya ƙara masu. Maryam ta yi aure, ta kama bakinta, ba ta koma fim ba. Mai yiwuwa hakan ne ya fi mata alheri, Allah ne masani, amma ba ita ta zaɓi ranar fitarta ba. A takarda shekara 5 aka rubuta, a bakin mutane kuwa nata hukuncin ba shi da ranar ƙarewa.

Kada wani ya ce wannan halin Bahaushe ne ko na Shari'a. Ku dubi Amurka, inda ba Hisba ba hukumar tacewa. A 2002 wani bidiyo ya ɓulla a birnin Shikago, aka gurfanar da mawaƙi R. Kelly a kansa. Wannan ba sirrin manya biyu ba ne da aka tona, zargi ne na lalata yarinya ƙarama. Me kamfaninsa ya yi? A 2003, yana kan beli, ya fitar masa da faifan Chocolate Factory, wanda ya hau matsayi na ɗaya a kasuwar ƙasar. Gidajen rediyo suka ci gaba da sa shi, manyan mawaƙa suka ci gaba da haɗa waƙa da shi. Kotu ta sallame shi a 2008, 'yan mata suka ci gaba da kuka, galibinsu baƙaƙen fata, ba mai saurare. Sai a Janairun 2019, bayan wani shirin talabijin ya zaunar da matan sun ba da labarinsu ɗaya bayan ɗaya, sannan kamfanin RCA ya rabu da shi. Shekara 17 ke nan. A 2021 kotu ta same shi da laifi, a 2022 ta yanke masa shekara 30. Ko a lokacin ma ba a cire waƙoƙinsa daga Spotify ba.

Ga kuma Janet Jackson. A Fabrairun 2004, a hutun rabin lokaci na wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, ana nunawa kai tsaye, abokin waƙarta Justin Timberlake ya fizge wani ɓangare na rigarta, jikinta ya bayyana na ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Mako guda bayan haka shi yana kan dandamalin Grammy yana karɓar kyauta biyu, ita ba ta wurin. Manyan tashoshi suka ja baya daga sa waƙoƙinta. Sai a 2021 ya fito ya ba ta haƙuri. Hannunsa ne fa ya ja rigar.

Na san abin da wasu dattawanmu za su ce, kuma ban raina maganarsu ba. Za su ce to a zuba ido ke nan? Mai 'ya'ya mata a gari irin namu, inda sau da yawa ba kaka ba gwaggo a kusa da za su taya shi tarbiyya, yana da hujjar jin tsoron abin da ke shigo masa gida ta allo. Kowace sana'a kuma tana bukatar ladabtarwa, ko mahauta suna da sarkin fawa. Ƙorafina shi ne, sarkin fawa na gaskiya yakan kama mai sayar da mushe ko da ɗan'uwansa ne, ko da babu wanda ya kai ƙara. Shekara nawa 'yan mata ke faɗa a hirarraki cewa akwai masu neman su kafin su sa su a fim? Wannan cuta ce ta cikin gida, wadda mai ƙarfi ke yi wa marar ƙarfi, kuma ita ce ta fi kama da ta R. Kelly. Jerin korarrun da ake karanta mana a rediyo ba da ita yake cika ba.

Lamarin Rahama Sadau ya nuna tsohon hali da sabon zamani a lokaci guda. A 2015 an dakatar da ita wata 6 bayan ta zargi wani babban jarumi a fili, duk da ta janye maganar ta ba da haƙuri. A farkon Oktoban 2016 kuma ƙungiyar MOPPAN ta sanar da korarta gaba ɗaya, saboda ta fito a bidiyon waƙar I Love You ta mawaƙi ClassiQ, inda suka riƙe hannu suka rungumi juna. Waƙar tasa ce, bidiyon nasa ne, amma hannun ƙungiyar bai kai gare shi ba, sai ma sunansa da ya ƙara fitowa. Wannan tsohon halin ke nan. Sabon abin shi ne korar ba ta ci ba. A 2007 wanda Ƙofar Wambai ta juya wa baya ya gama yawo. A 2016 kuwa akwai Legas, akwai YouTube, akwai Instagram inda take magana da dubun dubatar mutane ba tare da ta nemi izinin editan kowace mujalla ba. BBC da sauran kafafen duniya suka ɗauki labarin, Akon ya gayyace ta Amurka, ta fito a Sons of the Caliphate da Up North, daga baya har a fim ɗin Indiya, Khuda Haafiz kashi na biyu, a 2022. Ta rubuta takardar neman afuwa a 2017, a farkon 2018 hukumar tacewa ta Kano ta ce ta yafe. Ni ban ga tuba ce ta sauya lissafin ba, domin ta ba da haƙuri tun a makon farko ba a saurare ta ba. Abin da ya sauya shi ne an ga korar ba ta rage ta da komai ba, masana'antar ce ta rasa mai jawo mata 'yan kallo.

Na ƙarshe da zan kawo shi ne na Safiya Yusuf, domin shi ne ya fi kama da na 2007, kamar an sake haska tsohon kaset. Yarinya ce da ta yi suna a shirin Kwana Casa'in na tashar Arewa24, inda ta fito a matsayin Safara'u. A 2020 wani bidiyonta na sirri, wanda ta ɗauka a wayarta, ya fita ba da yardarta ba. Wannan karon ba sai an haɗa waya da waya ba, WhatsApp da Facebook suka yi aikin, abin da ya ɗauki makonni a 2007 ya gama zaga ƙasa a yini ɗaya. Aka cire ta daga shirin. Ta faɗa wa BBC Hausa daga baya cewa ta yi wata 3 ba ta leƙa ƙofar gida ba. Da ta fito sai ta koma waƙa tare da su Mr 442, irin waƙoƙin da iyaye ke ƙwace waya in sun ji, har wasu lauyoyi suka kai ƙararsu kotun Shari'a a jihar Kano a 2022. Masu cewa "ai ga shi nan, dama halinta ne" ba sa son a tuna masu wace ƙofa aka fara rufewa, wace kuma aka bari a buɗe. Su kuma masu shirin ba su kashe Safara'u a cikin labarin ba, ba su tura ta ƙauye ba. Wata yarinyar suka ɗauko suka ba ta sunan da matsayin, shirin ya ci gaba da fitowa a ranar da ya saba, mu ma a nan Sintali muka ci gaba da kallo.